Yadda Ake Gano Matsalar Sulo da Wayarin Sensa Bayan An Sauya Injin Mota

Tambaya kan rashin zaman inji bayan an sauya shi ta yi yawa, kuma kusan iri ɗaya ce. An sauke tsohon inji, an ɗora ɗan Beljiyam da aka ɗauko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, mota ta tashi, amma sulo, wato aikin inji lokacin da ba a taka totur ba, ya ƙi zama. Wani ya ce in ya tsaya a danja sai sitiyari ya kama karkarwa. Wani ya ce allurar RPM, mai nuna saurin juyawar inji, tana hawa tana sauka ita kaɗai. Wani kuwa da ya kunna AC sai ta mutu. Masu Corolla da Camry da Accord da 406 da yawa a nan Katsina sun canza filogi, sun canza kwayil, wasu har birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, aka sa su saya, matsala tana nan daram.

Abin da za ka riƙe kafin ka fara shi ne wannan: inji baƙo ne, amma birenbos da wayarin na motar ne, kuma su ne masu ba da umarni. Mafi yawan laifin yana wuraren da hannu ya taɓa ranar aikin, wato tiyo, wayar as (mai mayar da wuta zuwa negatif ɗin batir ta jikin bodi) da soket. Saboda haka kada a sayi komai sai an auna. Ka bi matakan nan a jere.

Kayan da za ka tanada

Mita ta dijital mai auna volt da ohm. Sikana ta OBD2, ko da ƙaramar nan ce ELM327 da ake haɗawa da waya ta manhajar Torque ko Car Scanner, muddin tana nuna bayanai inji na aiki, ba lambobin laifi kaɗai ba. Sai gejin kwamfireshan, kab-kilina, samfefa, sifana 10 da 12, allurai sirara da tocila.

Sai abu mafi muhimmanci, tsohon injinka. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan sai aiki ya kammala, domin sensoshinsa da manifol da totur-bodinsa su ne waɗanda birenbos ɗinka ya sani.

Maganar kuɗi kuwa, farashin kayan gyara yana bin dala, don haka ka auna shi ta haka: tiyo, gasket da wayar as su ne mafi araha, kuɗin sa mota a kwamfuta yana biye, sai kwayil da sensa, birenbos shi ne can sama. Jerin matakan nan ma kusan haka yake tafiya. Ka kuma yi magana da makaniken da ya ɗora injin tun farko: tiyon da aka manta ko wayar da ba a ɗaure ba cikin aikinsa suke, bai kamata a sake biyan kuɗin hannu a kansu ba.

1. Karkarwar jiki ce ko ta inji?

Bari inji ya yi zafi, ka kashe AC da fitilu, ka kalli allurar RPM. Yawancin motocin nan masu silinda huɗu suna zama tsakanin 600 da 800. Idan allura ta tsaya cak wuri ɗaya, ƙarar salansa tana fita daidai, amma kujera da sitiyari suna rawa, to laifin injin-sit ne, wato robobin da inji ke zaune a kansu, ko kuma salansa tana dukan bodi, ko an ɗaure injin a karkace. A sassauta notunan injin-sit duka, a bar inji ya zauna da nauyinsa, a sake ɗaurewa. Wannan ba ya buƙatar mai wayarin.

Idan kuwa allura tana lilo, ko salansa tana yin "fut, fut" lokaci-lokaci, ci gaba.

2. Tabbatar injin nan na motarka ne

Lambar inji iri ɗaya ba ta nufin komai ɗaya ne. Ɗauki Corolla mai injin 1ZZ-FE 'yar Amurka: ta 2003 da 2004 totur ɗinta na kebul ne, da bawul ɗin sulo a jikin totur-bodi, amma daga 2005 zuwa 2008 totur na lantarki ne, kuma sensar iskar salansa ta gaba ma wata iri ce dabam. Accord mai silinda huɗu ma haka, ta 2003 zuwa 2005 kebul, ta 2006 da 2007 lantarki. Injin da aka ciro daga motar Turai ko ta Japan shi ma yakan zo da nozul ko sensa da suka bambanta da na 'yar Amurka.

A ajiye tsohon injin kusa, a kwatanta abu-abu: totur-bodi, manifol, nozul da lambar da ke jikinsu, sensar kiranshaf, ta kamshaf, ta zafin ruwa. Duk wanda ya bambanta, a ciro na tsohon a mayar kan sabon. Haka ake yi, inji ake sa wa kayan mota, ba a yanka wayarin mota don ta dace da inji.

Gargaɗi: kada ka yarda a ɗora birenbos ɗin da ya zo da inji don kawai "tare suka zo". A motocin da ke da imobilaiza, wato na'urar hana sata mai gane makulli, birenbos da makulli a haɗe suke. In aka canza ɗaya ba tare da an saita ba, mota ko ta ƙi tashi, ko ta tashi ta mutu nan take.

3. Auna kwamfireshan tun kwanakin gwaji ba su ƙare ba

Da yawa suna barin wannan sai ƙarshe. Ni a nan nake sa shi, saboda dalili ɗaya: mai sayar da inji 'yan kwanaki yake bayarwa na gwaji, kuma in kuka ɓata su kuna wasa da waya, ranar da za ku gano bawul ya ƙone babu mai karɓar injin.

A cire filogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin kwayil, a buɗe totur gaba ɗaya, a yi kik kamar sakan biyar a kowace silinda, a rubuta. Abin dubawa shi ne daidaito. Idan wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin filogi a sake aunawa. In lamba ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko tof-gasket. Ka ɗauki bidiyon gejin da wayarka, ka kira mai injin ranar.

4. Batir da wayar as

A nan ake yawan samun ɓarawon. Auna batir inji a kashe: 12.4 zuwa 12.6 volt. Inji na aiki: 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka ko sama da haka, a fara gyara caji, domin birenbos ba ya lissafi daidai da wuta mara daidai.

Sai as. Akwai babbar waya daga kan batir na negatif zuwa bodi, da wata daga inji ko giyabos zuwa bodi, sannan ƙananan wayoyi masu zobe a baki waɗanda suka fito daga cikin wayarin ake ɗaure su a jikin silinda-hed ko manifol. Waɗannan ƙananan su ne as ɗin birenbos da kwayil da sensoshi, kuma su ake mantawa, don sukan maƙale a bayan inji inda ido ba ya kaiwa. A Toyota galibi farare ne masu baƙin layi ko ruwan ƙasa, a Golf da Vectra ruwan ƙasa.

Kallo ba ya wadatarwa, aunawa ake yi. Sa mita a volt, baƙar waya a kan batir na negatif, ja a jikin inji wurin da babu fenti. Wani ya yi kik. In mita ta nuna sama da 0.3 volt, as ba shi da kyau. A kwance, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. Injin da ya daɗe a kwantena ko aka fesa masa fenti don ya yi kyau a kasuwa, wurin ɗaure as ɗinsa duk tsatsa ne ko fenti.

Gargaɗi: in babbar wayar as ba ta nan, wutar kik za ta nemi hanya ta kebul ɗin totur ko ƙananan wayoyi, ta narkar da su. Sannan al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta, a daina ta. Motar kafireta ta jure, mai birenbos tana iya ƙonewa.

5. Sa ta a kwamfuta, amma ka san abin da za ka karanta

Soket ɗin mai baki 16 yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba. Motocin Amurka suna da shi tun 1996, na Turai masu fetur tun wajen 2001. Rubuta lambobin da ka tarar, ka goge, ka bar inji ya yi aiki, ka sake karantawa. Waɗanda suka dawo su ne na gaske, sauran na lokacin da ake kunna makulli soket a cire ne.

P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0172 mai ya yi yawa. P0300 inji yana tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 kuma suna faɗin silindar da ke yi. P0100 zuwa P0103 sensar iska ce ta MAF, P0115 zuwa P0118 ta zafin ruwa, P0120 zuwa P0123 ta totur. P0335 kiranshaf, P0340 kamshaf, P0016 su biyun ba su jitu ba. P0505 zuwa P0507 na sulo ne kai tsaye.

Lamba hanya take nunawa, ba ta ce sensa ta mutu ba. P0118 na iya zama waya ce ta tsinke, sensar lafiyarta ƙalau. In aka ce maka, "Alhaji, kwamfuta ta ce a canza sensa," ka ce, "Maigida, a fara auna mini wayarta tukuna." Sayen sensa alhali waya ce ta katse, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Kuma in lambobin sensa uku ko huɗu suka fito lokaci guda, ba mutuwa suka yi tare ba, wayar da suke tarayya a kanta ce, as ko layin volt 5, ko fiyus.

6. Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

A sikana ka buɗe STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don ya daidaita ƙonewa. Haɗa su biyun. In jimlar tana tsakanin -10 da +10, babu laifi. In ta haura +10 a sulo, taka totur zuwa 2,500 ka riƙe. Ta sauko kusa da sifili? Iska ce ke shiga ta wani wuri. Ta tsaya ko ta ƙaru? Mai ne ba ya isa, ko MAF tana ƙarya.

Wuraren nema: tiyon da ke zuwa bustar birki (servo), tiyon PCV daga murfin inji, ƙaramin tiyon bawul ɗin tururin tanki, babban tiyon iyakilina musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda yake tsagewa, robobin gindin nozul, da gasket ɗin manifol. Ka duba kuma ko manifol ɗin sabon inji yana da wani baki da motarka ba ta amfani da shi, an bar shi a buɗe. A 1ZZ gasket ɗin manifol sananne ne da yoyo, ya fi nunawa da safe lokacin hunturu, in inji ya yi zafi ya lafa. Duk manifol ɗin da aka cire, sabon gasket ake sa masa, ba gam ba.

Hanyar gwaji: fesa kab-kilina kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa kana kallon STFT. Inda ta faɗi ƙasa ko ƙarar inji ta canza, nan ne.

Gargaɗi: abin nan yana kamawa da wuta. Kada a fesa kusa da manifol ɗin salansa ko kwayil, a yi shi inji bai yi zafi sosai ba, abin kashe gobara a kusa. Kada kuma kowa ya taɓa sukurun da ke tare totur don ya ɗaga sulo. Ɓoye ciwon zai yi, ya kuma rikita sensar totur.

7. Wayarin sensa, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin haƙuri. Masu ciro inji a waje ba sa kwance soket, almakashi suke sa wa wayarin, shi ya sa ake yawan ɗinki a nan gida. Fara da ido da hannu. Bi wayarin daga birenbos har ƙarshe da tocila, ka nemi inda aka naɗa salatif, inda waya ta matse tsakanin inji da giyabos, inda ta kwanta kan salansa. Ja kowane soket a hankali. Wanda maƙallinsa ya karye zai fita. Leƙa ciki ko wani fil ya lanƙwashe, ya koma baya, ko ya yi kore.

Sai soket ɗin da suka yi musaya. A tsofaffin Honda na shekarun 1990, soket ɗin MAP (sensar matsin iskar manifol) da na sensar totur iri ɗaya ne, kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa. Sensar salansa ta gaba da ta baya ma ana juya su. A injin V6, in aka juya na ɓangarorin biyu, za ka ga STFT ɗin ɓangare ɗaya yana tafiya sama, na ɗayan yana tafiya ƙasa.

Sensa mai waya uku, irin ta totur ko MAP: cire soket, kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. Waya ɗaya ta ba ka volt 5, ɗaya as, ɗaya ta saƙo. Auna as ɗin da kan batir na negatif, kada ya wuce 0.1 volt. In volt 5 ya ɓace a sensoshi da yawa, riƙa cire su ɗaya-ɗaya kana kallon mita. Wadda ka cire wuta ta dawo, ita ce ke janye layin. In ka ga volt 12 inda ya kamata a ga 5, an yi ɗinki ba daidai ba, kashe makulli nan take. A ta totur, mayar da soket, zura allura ta bayansa a wayar saƙo, ka buɗe totur a hankali: daga wajen rabin volt zuwa ɗaya a rufe, ta hau sumul har 4 ko sama kaɗan. Tsalle ko faɗuwa a tsakiya, sensar ta cinye.

Sensar zafin ruwa: da sassafe kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iska a sikana su kasance kusa da juna. In ka ga -40, waya ta tsinke ko soket bai shiga ba. Da mita, irin ta Toyota tana ba da kusan ohm 2,500 a digiri 20, ta sauko kusan 300 a digiri 80. In birenbos yana zaton inji da sanyi, zai yi ta zuba mai, sulo ya yi sama, filogi su yi baƙi, salansa tana warin fetur. A nan zan ɗan ratse. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da ake yi wai saboda zafin garinmu, shi kansa yana hana sulo zama, don inji ba ya kai digiri 80 zuwa 95 da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. A mayar da tamostat. A kuma fitar da iskar da ta maƙale a lagireto, domin in kumfar iska ta zauna kan sensa, sulo hawa da sauka zai yi ta yi, musamman a Honda.

MAF: ta Toyota mai fil biyar volt 12 take ci, ba 5 ba. A sulo, injin lita 1.8 zuwa 2.4 yana nuna kusan giram 2 zuwa 4 a sakan. Ƙurar hunturu tana rufe siririyar wayar cikinta, balle in an bar iyakilina a buɗe kwana da kwanaki a gareji. Da feshin da aka yi dominta ake wanke ta, ba fetur, ba a kuma taɓa wayar da komai.

Sensar kiranshaf, ta kamshaf da ta nok (mai jin ƙwanƙwasar inji): wayoyinsu suna da rigar ƙarfe a ciki mai kare saƙo. In aka yanke aka ɗinka da wayar gama-gari, ko aka ɗaure su tare da wayoyin kwayil, saƙo zai gurɓace, inji ya riƙa tsallake ba tare da wata lamba ta fito ba. Mai waya biyu ana auna ohm ɗinta a kwatanta da ta tsohon inji.

Ƙarshen wannan mataki shi ne gwajin girgiza. Inji na sulo, riƙa motsa wayarin gaɓa-gaɓa, wani yana kallon sikana. Inda inji ya yi tuntuɓe, buɗe nan. Wayar da kake zargi, cire batir da soket ɗin birenbos ka auna ta baki da baki, ta zama ƙasa da ohm 1, kuma kada ta nuna haɗi da bodi.

Gargaɗi: kada a gwada wayar sensa da fitilar gwaji mai ƙwan fitila, kada a goga ta a bodi don a ga tartsatsi, birenbos ake kashewa da haka. Kada a huda rigar waya. Ɗinki kuma da dalma ake yi a sa robar da ke tsukewa da zafi. Murɗawa da salatif ba ya kai watan Afrilu a Katsina, zafi zai saki gam ɗin. Launin waya ma yana canzawa daga shekara zuwa shekara, da lambar fil da taswirar wayarin ake aiki.

8. Silindar da ba ta aiki

Riƙa cire soket ɗin nozul ɗaya-ɗaya na 'yan sakanni. Wanda ka cire inji bai canza ba, silindarsa ce matacciya. Ɗauke kwayil ɗinta ka kai wata silinda. In laifin ya bi shi, kwayil ne. In bai bi ba, yi haka da filogi, sannan nozul. Nozul ɗin injin da ya daɗe a ajiye yakan daskare. Ɗora dogon sukudireba a jikinsa ka kara kunne, mai aiki yana ƙas-ƙas a jere. Da mita, yawancinsu ohm 11 zuwa 16 ne. A motoci masu silinda huɗu da wayar filogi, a tabbatar jerin wuta 1-3-4-2 ne.

Idan duk silindu huɗun suna fama, auna ƙarfin famfon mai. Na 1ZZ da 2AZ ɗin Camry yana tsakanin psi 44 da 50. Motar da ta yi watanni a gareji tana jiran inji kuma, a zubar da tsohon fetur ɗinta.

9. Taimin da haƙoran sensa

P0016, ko sulo mara kyau tare da rashin ƙarfi, a buɗe a duba makin taimin. Ko haƙori ɗaya ya goce, ya isa. Bawul ɗin VVT, mai sauya taimin da matsin baƙin mai, da ƙaramar rariyarsa in sun toshe da dattin baƙin mai su ma suna kawo haka. Sai farantin da sensar kiranshaf ke karantawa: na Toyota tsarin haƙori 36 ne babu biyu, na 406 da yawancin motocin Turai 60 babu biyu. A 406 a jikin filawil haƙoran suke, don haka filawil ɗin motarka za a mayar, kuma a duba ko wani haƙori ya lanƙwashe wajen haɗa giyabos.

10. Koya wa birenbos sulo, sannan a hau titi

Wanke totur-bodi, ka goge lambobi. Bari inji ya yi zafi har fanka ta tashi, sannan ya yi sulo minti biyar zuwa goma ba AC, ba fitila, ba a taɓa totur ko sitiyari ba. Honda haka take so, bayan an riƙe ta a 3,000 har fanka ta juya. Nissan da Volkswagen masu totur na lantarki suna da nasu saitin, ya fi sauƙi da babbar sikana. Maganar "bar shi, zai zauna da kansa" gaskiya ce a wannan matakin kaɗai, bayan an gama tara na sama.

Hau hanyar Daura ko ta Kano ka yi kamar kilomita 20, da gudu da tsayawa, ka dawo cikin gari ka shiga cunkoso da AC a kunne. Kafin ka kashe, sake sa sikana: babu lambar da ta fito ko take jiran fitowa, jimlar STFT da LTFT tana cikin 10, zafin ruwa tsakanin 80 da 95, sulo ya tsaya ko an sa giya ko an kunna AC. Washegari da safe, inji da sanyi, ka sake tayarwa ka duba lambobin nan, domin yoyon gasket da sensar zafi a lokacin suke fitowa.